Hutun Iyali a Tsofaffin Biranen Sifaniya

Idan aka rufe makarantu don dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, iyalai da yawa a Nijeriya sukan kama hanya. Mafi yawansu garinsu na asali suke nufa, domin yara su ga kakanninsu. Wasu kuma, waɗanda suke da hali kuma suke da abokai a ƙetare, sukan tsallaka teku. Irin wannan tafiya tana haɗa abubuwa biyu: sada zumunci, da yawon buɗe ido, wato zagayawa don ganin wurare masu tarihi ko masu ban sha'awa. Abubuwan nan biyu ba kullum suke jituwa ba. Zumunci yana son a zauna a yi hira har dare ya raba. Yawon buɗe ido kuwa yana son a yi sammako kafin layi ya yi tsawo. Iyalin da bai raba kwanakinsa tun daga gida ba, yana iya komawa bai more ko ɗaya ba.

Turai cike take da tsofaffin birane, amma a wannan darasi misali ɗaya za mu ɗauka. A ƙaddara uba da uwa da 'ya'yansu biyu sun tashi daga Ibadan ko Inugu, za su sauka wurin abokansu a Madrid, babban birnin Sifaniya, daga nan kuma su gangara kudu, yankin da ake kira Andalus. An zaɓi wannan yanki ne domin tarihinsa ya taɓa Afirka ta Yamma, har ma ya taɓa ƙasar Hausa, kamar yadda za mu gani.

Kafin a tashi

Abu na farko shi ne biza, wato izinin shiga ƙasa. Sifaniya tana cikin ƙasashe 29 da suka cire shingen kan iyaka a tsakaninsu, bisa yarjejeniyar da aka fara sa wa hannu a 1985 a wani ƙauyen Lukzambur mai suna Shengen. Wanda ya sami bizar Shengen yana iya shiga Faransa da Italiya da Jamus da ita, amma ba zai shiga Ingila ba, domin Birtaniya ba ta cikin yarjejeniyar. Bizar gajeren zama ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta.

Akan nemi fasfo, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000 idan ciwo ya kama mutum a can. Tun daga watan Yuni na 2024 kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12. Idan aka hana mutum biza ba a mayar masa da kuɗinsa, kuma hanawar ba baƙon abu ba ne: a shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na takardun 'yan Nijeriya ake ƙi amincewa da su. Babban abin da jami'in biza yake son ya tabbatar shi ne mai nema zai dawo gida.

A nan ne abota take fara zama nauyi. Idan iyalin a gidan abokinsu za su kwana, ba a otal ba, dole mai masaukin ya je ofishin 'yan sanda a Sifaniya ya nemi takardar gayyata, ya biya kuɗinta, ya rubuta sunayen baƙinsa da ranar zuwansu da ranar tafiyarsu. Ke nan tun baƙo bai iso ba, mai gida ya riga ya jingina sunansa saboda shi.

Sai kuma lokaci. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a tsakiyar bazarar Turai, lokacin da kudancin Sifaniya yake ƙuna. A watan Yuli da Agusta zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma a Yulin 2017 ya kai 46.9 a Kordoba. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba zai ji baƙunci ba, amma mutumin Fatakwal zai sha mamaki. Hutun Afrilu ya fi daɗin iska, sai dai gajere ne, kuma yakan zo daidai da makon bikin Ista, lokacin da titunan Andalus suke cika maƙil, kuɗin otal ya yi tashin gwauron zabo.

Game da tsaraba, a yi hattara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da abin da aka yi da su daga wajen tarayyar. Saboda haka kilishi da dambun nama, komai daɗinsu, a filin jirgi za su tsaya. Atamfa, ko adire, ko jakar fata ta Kano, ko yaji, ba su da wannan matsala.

A gidan mai masauki

Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, wato sai da takawa a je ake riƙe shi. Mutanen Sifaniya ma masu son baƙi ne, sai dai salon baƙuncinsu ya bambanta da namu. Yawancinsu a benaye suke zaune, kowane iyali da sashensa mai ɗaki biyu ko uku. Babu ɗakin baƙi a soro, babu 'yar aiki. Idan mutum huɗu suka sauka, yakan zama yaran gidan sun bar gadajensu ne. Don haka ba a zuwa ba sanarwa, ba a kuma ƙara kwanaki yadda aka ga dama. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana: yana sauka da dare, hantsi ya yi ya tashi. Kwana uku ko huɗu a gidan aboki ya wadatar, sauran a yi su a hanya.

Gaisuwa ita ce abin da yara za su fara lura da shi. Yaron Yarbawa ya saba kwanciya ko durƙusawa, yaron Hausawa ya saba rusunawa ya sunkuyar da kai. A can kuwa maza sukan yi musafaha, mata da mata ko mace da namiji sukan haɗa kumatu sau biyu, dama da hagu. Wanda bai saba ba, ko addininsa bai yarda ba, ya isa ya yi murmushi ya ɗora hannu a ƙirji, ba wanda zai ji haushi. Yaro yana kiran babba da sunansa na yanka, yana kuma kallon idonsa idan yana magana, kuma a wurinsu wannan ba rashin kunya ba ne.

Lokacin cin abinci ma daban yake. Babban abincin yini shi ne na rana, ana cin sa wajen ƙarfe biyu ko uku. Na dare kuwa sai ƙarfe tara ko goma, domin a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a Madrid sai bayan tara da rabi. Idan an gama ci ba a tashi nan take. Akan zauna a tebur ana hira, wani lokaci fiye da awa guda, har suna da kalma ta musamman ga wannan zama, sobremesa. Baƙon da ya ajiye cokali ya ɗauki waya, ko ya ce zai fita ganin gari, ya bar mafi daɗin ziyarar a baya. Bayan hira kowa yakan sa hannu a kwashe kwanuka, har da maigida da baƙonsa.

Abincinsu ba shi da yaji. Man zaitun da tafarnuwa da tumatir da burodi da kifi su ne ginshiƙansa. Naman alade yana da yawa a girkinsu, har akan yayyafa shi a kan miyar da ba a zata ba, don haka wanda ba ya ci ya faɗa wa mai gida tun kafin a ɗora tukunya. Akwai kuma wani abin sha da zai ba ɗan Nijeriya dariya. A ranar zafi za a miƙo masa wani farin ruwa mai sanyi da suke kira horchata, a gaya masa na birnin Balansiya ne. Da ya kurɓa zai gane kunun aya ne. Ayar da Yarbawa suke kira ofio, Ibo kuma suke kira aki Hausa, ita ce ake nomawa a gonakin Balansiya, har ma Sifaniya takan sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, musamman Nijar da Burkina Faso.

Mai kunnen harshe zai ji wasu kalmomi da suka yi kama da na Hausa. Shugaban gari alcalde ne, Hausa kuma tana da alƙali. Suna cewa azúcar, muna cewa sukari. Suna cewa aceituna, muna cewa zaitun. Ba daga Hausa suka ara ba, mu ma ba daga wurinsu muka ara ba. Harsunan biyu daga Larabci suka ɗauko, ɗaya ta arewacin Sahara, ɗaya ta kudancinta. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Sifaniyanci kimanin 4,000 suna da asali da Larabci. Dalilin haka yana cikin tarihin biranen da iyalin za su gani.

A shekarar 711 rundunar Musulmi, mafi yawanta Barbar na Arewacin Afirka, ta tsallaka mashigin tekun da ya raba Maroko da Sifaniya, wanda faɗinsa bai fi kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. Sunan shugabanta Ɗariƙ ɗan Ziyad, kuma daga Jabal Ɗariƙ, wato dutsen Ɗariƙ, aka sami sunan Jibralta. Daga wannan shekara har zuwa 1492 akwai mulkin Musulmi a wani sashe na ƙasar, da farko kusan dukkanta, daga baya yana raguwa yayin da sarakunan Kirista na arewa suke matsowa kudu.

A jirgin ƙasa

Hanya mafi sauƙi ta zuwa kudu ita ce jirgin ƙasa mai gudun gaske, wanda yake kai kilomita 300 a awa. An buɗe layin Madrid zuwa Sebiya a 1992. Tsawonsa kilomita 471 ne, kuma ana cinye shi a kimanin awa biyu da rabi, kusan lokacin da jirginmu yake ɗauka daga Legas zuwa Ibadan, tafiyar kilomita 157. Tikiti yana da araha idan aka saya da wuri ta intanet, yana tsada idan aka bari sai ranar tafiya. Jirgin ba ya jiran kowa.

Kafin a gangara kudu ana iya yin yini guda a Toledo, tafiyar rabin awa daga Madrid. Birni ne a kan dutse, kogin Tajo ya kewaye shi ta ɓangare uku. Sarki Alfonso na Shida ya karɓe shi daga hannun Musulmi a 1085, kuma a ƙarni na 12 da na 13 ya zama matattarar masu fassara. A nan aka juya littattafan likitanci da lissafi da ilimin taurari daga Larabci zuwa Latin, suka shiga jami'o'in Turai. Akwai wani ɗan ƙaramin masallaci na shekarar 999 da yake tsaye har yau. Yara kuwa shagunan takubba za su fi jan hankalinsu.

Kordoba

Birnin da Larabawa suke kira Ƙurɗuba ya girmi Musulunci. Rumawa ne suka kafa shi, kuma har yanzu ana tsallaka kogi a kan gadar da suka aza harsashinta, ko da yake an sha gyara ta. Sunan kogin Guadalquivir, daga Larabci Wadil Kabir, wato babban kogi. A 756 Abdurrahman na Ɗaya, wanda ya tsira daga kisan da aka yi wa danginsa Banu Umayya a Sham, ya kafa mulki a nan. A 929 wani jikansa, Abdurrahman na Uku, ya ayyana kansa halifa, kuma a wannan ƙarni Kordoba ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen duniya. A nan aka haifi Ibn Rushdi a 1126, masanin falsafa kuma alƙali, da Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa kuma likita. Imam Ƙurɗubi, mai tafsirin da malaman zaure suke karantawa a Kano da Ilori, daga wannan birni ya sami laƙabinsa.

Abin da kowa yake zuwa gani shi ne babban masallacin da aka fara ginawa wajen 785, aka kuma faɗaɗa shi sau da dama har zuwa ƙarshen ƙarni na 10. Ana shiga ta wani fili mai itatuwan lemo, inda a da ake alwala. Daga hasken rana sai mutum ya faɗa cikin inuwa mai sanyi, ya ga ginshiƙai sama da 800 a jere, ko'ina ya juya layi ne bayan layi. Maginan sun ɗauko yawancin ginshiƙan farko daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su, sai suka tarar gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba. Dabarar da suka yi ita ce ɗora baka a kan baka. Baka a nan shi ne lanƙwasasshen gini da yake haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, irin wanda maginan Hausa suke kira bakan gizo. Na ƙasa yana riƙe ginshiƙai kada su buɗe, na sama yana ɗauke da rufi. Sun kuma jera jan bulo da farin dutse bi da bi, shi ya sa kowane baka yake da ratsin ja da fari. Gajertar ginshiƙai ce ta haifi abin da ya fi komai kyau a ginin.

A 1236 Sarki Fernando na Uku ya ci birnin, aka mayar da masallacin majami'a. Kusan shekara 300 ba a canja siffarsa sosai ba, sai a 1523 aka fara gina babbar majami'a a tsakiyarsa, aka cire ginshiƙai da dama. Hasumiyar kiran salla kuma aka lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa. Yau mai ziyara yana tafiya cikin dajin ginshiƙai, ba zato sai ya ga kansa a ƙarƙashin doguwar ƙubba mai gumakan waliyyan Kirista. Cocin Katolika ne yake riƙe da ginin, ana ibadar Kirista a ciki kullum, kuma ba a yarda Musulmi su yi salla a ciki ba. Mutanen birnin kansu sun sha yin muhawara a kan wa ya kamata ya mallaki ginin da sunan da ya dace da shi. Iyali daga Nijeriya, Musulmi ne ko Kirista, suna iya jin wani abu a rai a wurin nan, kuma gara iyaye su ba yara labarin duka. Gaskiya ce an sauya ginin, gaskiya ce kuma da ba a ci gaba da amfani da shi ba, da wataƙila ya bi sahun Madinatuz Zahra, birnin fadar halifa mai nisan kilomita 8 daga nan, wanda aka rushe a yaƙin basasar Musulmi a farkon ƙarni na 11, yau sai kufai.

Bayan masallaci, a bi lungunan tsohon gari. Daga waje gidajen fararen bangaye ne kawai, ba wani ado. Amma idan ƙofa tana buɗe za a hangi ɗan zaure, bayansa kuma tsakar gida mai rijiya ko maɓulɓular ruwa, bangayenta cike da tukwanen furanni. Gidan yana juya wa titi baya ya fuskanci cikinsa, kamar gidan Bahaushe mai zaure da tsakar gida, ko tsofaffin gidajen Yarbawa da na Bini masu fili a tsakiya. Inuwa da ruwa da tsirrai suna rage zafi ba tare da na'ura ba. A farkon watan Mayu na kowace shekara masu gidajen sukan buɗe ƙofofinsu a yi gasar tsakar gidan da ta fi kyau, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2012.

Giranada

A Sifaniyanci kalmar granada tana nufin rumman, kuma za a ga hoton wannan ɗan itace a ko'ina cikin birnin. Giranada tana gindin tsaunukan Siyera Nebada, inda ƙololuwa mafi tsawo ta kai mita 3,479. Tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Dusar ƙanƙarar da take narkewa daga tsaunukan nan ita take shayar da birnin.

Wannan ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya. Zuriyar Banu Nasar ta mulke ta daga wajen 1238, kuma ita ta gina Alhamra, wato Ja, saboda launin ganuwarta. Daga nesa kagara ce mai kaurin bango. Daga ciki kuwa kusan babu tafin hannu guda na bango da ba a yi wa ado ba: tayil masu launi a ƙasa, sassaƙaƙƙen farin yaɓe a tsakiya, rufin katako a sama, ga rubutun Larabci yana zagaye ɗakuna. Wanda ya san zanen bangon gidajen Zariya da Kano zai fahimci sha'awar, ko da yake salon daban ne. A Filin Zakuna, wanda Sarki Muhammadu na Biyar ya gina a ƙarni na 14, zakuna 12 na farin dutse suna ɗauke da kwatarniyar ruwa, ruwan yana fita ta bakunansu ya bi ƙananan magudanai huɗu. Abin tambaya shi ne yadda ruwa ya hau tudu a zamanin da babu injin. Ba hawa ya yi ba. Maginan sun tare kogin Darro can sama, kimanin kilomita 6 daga fadar, a wurin da ya fi fadar tudu, suka haƙa masa hanya a jikin tsauni yana gangarowa a hankali har ya shigo lambuna da ɗakuna.

A nan shiri yake da muhimmanci fiye da ko'ina. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, ana duba fasfo a ƙofa, kuma sashen fadojin sarakuna yana da lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikiti. Wanda ya makara ya yi asara. A lokacin bazara tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar, don haka a saye shi tun ana gida.

Ranar 2 ga Janairu, 1492, Sarki Muhammadu na Goma Sha Biyu ya miƙa birnin ga Sarki Fernando da Sarauniya Isabela. A watan Maris na shekarar aka ba Yahudawa zaɓi, ko su karɓi addinin Kirista ko su bar ƙasar. A watan Agusta Kolumbus ya tashi da jirage uku da izinin sarakunan nan biyu, ya isa nahiyar Amurka. Musulmin da suka rage an yi musu alkawarin barin su da addininsu, amma ba a daɗe ba aka karya shi, kuma tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu, mutum kimanin 300,000, yawancinsu zuwa Arewacin Afirka.

'Ya'yan Giranada biyu sun shafe mu kai tsaye. Na farko Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙi kuma masani, wanda ya haɗu da Mansa Musa na Mali a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Afirka ta Yamma, ya gina masa zauren fada mai ƙubba, ya kuma rasu a Tumbutu a 1346. Na biyu Alhasan al-Wazzan, wanda aka haifa a Giranada gab da faɗuwarta ko jim kaɗan bayanta, ya girma a Fas ta Maroko. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka kai wa Fafaroma Liyo na Goma a Rum, inda aka san shi da suna Liyo Afirkanus. Littafinsa a kan Afirka, wanda aka buga a 1550, ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Barno. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko ya taka waɗannan ƙasashe da ƙafarsa ko labari ya ji daga fatake, amma shekaru aru-aru littafin nan ne babbar tagar da Turawa suke leƙen ƙasar Hausa ta cikinta.

Da yamma a hau tsohuwar unguwar Albaisin, wadda take fuskantar Alhamra, a ga yadda ganuwar take ƙara ja idan rana za ta faɗi. Kusa da wurin kallon akwai masallacin da aka buɗe a 2003. A tuna cewa unguwar gidajen mutane ce. A 2024 baƙi kimanin miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba a lokacin. Masu gidaje da yawa sun gwammace su ba 'yan yawon buɗe ido haya ta kwana biyu maimakon su ba ɗan gari ta shekara, kuɗin haya ya hau, har aka yi zanga-zanga a birane da dama a wannan shekara. Mai masaukin iyalin a Madrid, idan aka tambaye shi a teburin hira, yana da abin faɗa a kan wannan.

Sebiya

Sebiya, wadda Larabawa suke kira Ishbiliya, ita ce hedikwatar Andalus a yau. Alamarta ita ce hasumiyar Hiralda, wadda aka gina tsakanin 1184 da 1198 don kiran salla, 'yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marakish. A cikinta kusan duk hawan gangare ne mai zagayawa, wanda dabba ma za ta iya hawa, shi ya sa yara da tsofaffi suke kai wa sama ba wahala sosai. Bayan an ci birnin a 1248, daga baya aka rushe masallacin aka gina ɗaya daga cikin majami'u mafi girma a duniya, aka bar hasumiyar aka ɗora mata ƙararrawa. Kabarin Kolumbus yana cikin majami'ar.

Daga 1503 duk cinikin Sifaniya da nahiyar Amurka ta wannan birni ya riƙa bi a wancan zamani, domin jiragen ruwa suna iya hawo kogi daga teku har bakin ganuwarsa. Daga nan Majelan ya tashi da jirage biyar a 1519, kuma a 1522 jirgi ɗaya ya dawo da mutum 18, bayan sun zagaye duniya. Azurfa da zinariya sun kwararo, amma ba su kaɗai ba. Ƙidayar da aka yi a 1565 ta nuna akwai bayi sama da 6,000 a Sebiya, da yawansu daga Afirka ta Yamma. A kan matakalar da ta kewaye babbar majami'ar, inda 'yan yawon buɗe ido suke zama su huta a yau, a nan ake cinikinsu. Baƙaƙen fatar birnin suna da ƙungiyar ibada tasu tun ƙarshen ƙarni na 14, wadda take taimakon marasa lafiya da binne matattu a cikinsu. Ƙungiyar tana nan har yau da majami'arta, tana fita jerin gwano a makon Ista, ko da yake mambobinta yanzu mafi yawa fararen fata ne.

Daga Sebiya jirgin yamma zai mayar da iyalin Madrid. Yana da kyau a bar daren ƙarshe don masu masauki, uwar gida baƙuwa ta karɓi madafa ta dafa musu dafa-duka ko miyar egusi da yajin da ta zo da shi. Washegari sai filin jirgi, a ranar da aka rubuta a takardar gayyata, domin hukumomin kan iyaka suna ajiye ranar shigar kowa da ranar fitarsa. Wanda ya wuce wa'adinsa yana iya fuskantar tara ko haramcin sake shiga, kuma abokin da ya sa hannu a ofishin 'yan sanda shi za a fara nema.